Gawayin Anu Araren: me ke ƙunshe cikin baƙin dutsen da ke haska Arlit da Agadas?

Sama da shekara arba'in ke nan ana ƙona gawayin ƙasa na Anu Araren domin bai wa garuruwan uraniyum wutar lantarki. Tun da aka rufe ma'adinin COMINAK, ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutar, jama'a suka fara tambayar ko akwai wani amfani da za a ci daga wannan dutse ban da ƙonawa. Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin karbon suka sarƙe da juna a jikinsa, abin da masana ilimin sinadarai suka fi shekara ɗari da hamsin suna ƙoƙarin warwarewa.

Tashar da arewa ta dogara da ita

Anu Araren, wanda ake rubutawa Anou Araren da Faransanci, yana dab da garin Cirozerin, kimanin kilomita 75 daga birnin Agadas. A shekarar 1975 ne hukumomin Nijar suka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar gawayin da ke kwance a wurin, kuma gwamnati ce ke da kaso mafi girma na hannun jarinsa. Tashar lantarkin ta fara aiki a 1981. Tana da injina biyu, kowane mai ƙarfin megawat 18,8. Ana haƙo gawayin daga buɗaɗɗen rami, a farfasa shi, a ƙona shi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin.

Tun farko an gina tashar ne saboda kamfanonin uraniyum guda biyu, SOMAÏR na Arlit da ya soma fitar da ma'adini a 1971 da COMINAK na Akokan da ya soma a 1978. Su ne suka riƙa shanye mafi yawan wutar. Ragowar ake sayar wa kamfanin NIGELEC ya rarraba wa gidajen Agadas, Arlit da Cirozerin. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar sakamakon takunkumin CEDEAO, Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana kuɗarsu. Layin arewa bai haɗu da na Najeriya ba, gawayin Anu Araren ne ke riƙe da shi.

Amma lissafin ya sauya. COMINAK ya daina aiki ranar 31 ga watan Maris na 2021. A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Orano na Faransa. Injinan tashar kuma sun tsufa. Duk shawarar da za a yanke kan makomar wannan ma'adini, dole ta fara da sanin ko mene ne ainihin gawayin.

Karbon mai hannu huɗu

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. Idan ƙwayoyin zarra suka riƙe juna suka zama dunƙule ɗaya, masana na kiran dunƙulen molekil. Ruwa, alal misali, molekil ne mai ƙwayar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu.

Karbon ya fita daban a cikin sinadarai. A shekarar 1858 wani Bajamushe mai suna August Kekulé da wani ɗan Sukotland, Archibald Couper, kowa a nasa ɓangare, suka nuna cewa ƙwayar karbon tana iya riƙe wasu ƙwayoyi huɗu a lokaci guda, kuma tana iya riƙe ƴar'uwarta karbon. A ɗauka mutum ne mai hannu huɗu: da biyu ya kama maƙwabtansa na dama da na hagu, sauran biyun ya riƙe wani abu dabam. Da irin waɗannan mutane ana iya jera dogon layi, ana iya yin da'ira, ana iya saƙa raga.

Yadda aka jera su shi ke yanke hukunci. Lu'ulu'u, wanda babu dutsen da ya fi shi tauri, karbon ne zalla. Baƙin abin da ke cikin fensir, wanda ɗan makaranta ke gogawa a takarda ya bar sawu, shi ma karbon ne. A cikin lu'ulu'u kowace ƙwaya ta kama huɗu ta kowane ɓangare, babu inda za ta motsa. A cikin fensir kuwa ƙwayoyin sun shimfiɗu fallaye-fallaye kamar tabarmi da aka jibge, kowane falle na iya zamewa a kan ɗan'uwansa.

A 1865 Kekulé ya ƙara gano wani fasali. Akwai wani ruwa mai ƙarfin wari da ake kira benzen, wanda Michael Faraday ya fara warewa a Landan a 1825. Kekulé ya ce ƙwayoyin karbon shida ne a cikinsa suka yi zobe mai kusurwa shida, irin gidan zuma. Wannan zobe shi ne tubalin da aka gina gawayin ƙasa da shi.

Carbi da raga

Kalmar polimer ta fito daga Girkanci, ma'anarta gaɓoɓi da yawa. Polimer molekil ne ƙato da aka samu ta hanyar jera ƙananan molekil iri ɗaya, dubbai a kan dubbai, kamar ƴaƴan carbi a zare. Da Hermann Staudinger na Jamus ya faɗi haka a 1920, manyan malaman zamaninsa sun musanta, suna ganin babu molekil da zai kai wannan tsawo. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Polimer ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Auduga kusan duk jikinta polimer ne da ake kira selulos. Ƙaro na bishiyar dakwara polimer ne. Sitacin da ke cikin gero da masara shi ma haka. Abin mamakin shi ne sitaci da selulos duk da ƴaƴan carbi iri ɗaya aka yi su, wato sukarin gulukos. Bambancin kawai yadda kowane ɗa ya ɗauru da na kusa da shi. Saboda wannan ɗan bambanci ne cikin mutum ke narkar da tuwo amma ba ya narkar da kara. Raƙumi da akuya ma ba da kansu suke narkar da ciyawa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu ne ke yi musu aikin.

Itace yana da polimer na biyu, linyin, wanda ke ba shi tauri. Shi linyin ba carbi ba ne. Raga ce mai sarƙaƙiya, cike da zobban nan masu kusurwa shida, kuma ba ta bin tsari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Shi ya sa yake da wuyar ruɓewa.

Daga fadama zuwa dutse

Wanda ya kalli busasshen filin Cirozerin a yau zai yi wuya ya yarda cewa wurin ya taɓa zama fadama. A lissafin masana duwatsu, fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, a zamanin da ake kira Karbonifer, koguna na gangarowa daga tuddan Ayar suna zuba cikin wani babban kwari da yanzu ake kira Tim Mersoi. Tsirrai sun yi ta fitowa suna mutuwa a bakin ruwan. Wanda ya faɗa cikin laka inda iska ba ta kai wa, bai ruɓe duka ba. Yashi da yumɓu suka rufe shi, nauyi ya danne shi, zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa shi a hankali.

A cikin wannan doguwar dahuwa selulos ne ya fara lalacewa. Linyin ya jure. Ruwa da wasu iskoki suka yi ta fita suna tafiya da oksijin da haidirojin, karbon na ƙara yawa, zobban na mannewa biyu-biyu, uku-uku. Da haka ake auna darajar gawayi. Mafi ƙuruciya, wanda ake kira linyit, launinsa ruwan ƙasa ne, mai damshi. Mafi nuna, antirasit, karbon ɗinsa ya haura kashi 90 cikin ɗari. Idan dahuwar ta wuce nan sai ya koma irin abin da ke cikin fensir.

Kogunan ba tsirrai kaɗai suka kawo ba, sun kawo laka. Wannan laka ta gauraya da gawayin, kuma ita ce ke saura toka bayan an ƙona. Gawayin Anu Araren yana da yawan toka. Ma'anar haka ita ce a cikin kowace mota da aka loda akwai kaso mai nauyi da ba zai ba da zafi ba. Wannan na cikin dalilan da ya sa ya fi sauƙi a gina tashar a bakin ramin a tura wuta ta waya, a kan a yi ta jigilar dutsen zuwa nesa.

Bincike da lissafi

Akwai reshen ilimin sinadarai da ba ya buƙatar kwalba ko wuta. Masu yinsa da lissafi suke aiki, suna ƙoƙarin hango halin molekil daga dokokin da ke tafiyar da elektoron, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya cibiyar kowace zarra kuma su ne igiyar da ke ɗaure ɗaya da ɗaya. Tushen lissafin shi ne wanda Erwin Schrödinger ya fitar a 1926. A 1931 Erich Hückel ya yi amfani da shi ya bayyana dalilin ƙarƙon zoben benzen: elektoron shida ne ba su tsaya a wuri ɗaya ba, suna yawo a kewayen zoben gaba ɗaya, kamar gandun da ƴan gida suka haɗu suna nomawa. Raba irin wannan zobe yana buƙatar ƙarfi mai yawa.

Da kwamfuta ta zo, aikin ya faɗaɗa. A 1998 an bai wa Walter Kohn da John Pople kyautar Nobel saboda hanyoyin da suka samar na lissafa molekil a kwamfuta. A 2013 wasu uku, Martin Karplus, Michael Levitt da Arieh Warshel, suka samu irinta saboda hanyoyin kwaikwayon manyan molekil masu dubban ƙwayoyi.

Gawayin ƙasa ya ba waɗannan masana wahala ta musamman, domin ba shi da siffa ɗaya. Ruwan Agadas da na Faris molekil ɗinsu ɗaya ne. Gawayi kuwa kowane rami da nasa. Abin da masana ke yi shi ne su auna yawan karbon, haidirojin, oksijin da ƙibiritu a cikin samfuri, su haska shi da na'urori domin sanin girman zobban, sannan su zana wata raga a kwamfuta wadda ta yi daidai da awon. Tun daga shekarun 1940 an zana irin waɗannan taswirori sama da ɗari na gawayin ƙasashe daban-daban. Kusan duka sun nuna abu ɗaya: tarin zobba masu ƙarfi, waɗanda gajerun gadoji masu rauni suka haɗa, da ƙananan molekil da suka maƙale a cikin ramukan ragar. Idan an samu taswirar, sai a ɗumama ta a cikin kwamfuta a ga wace gada ce za ta fara karyewa, a wane zafi, kuma me zai fita.

Dalilin hayaƙi a murhu

Wannan bayani ya shafi uwargida kai tsaye. Ɗanyen gawayin ƙasa, idan aka sa shi a murhu, yana fitar da hayaƙi mai kauri da wari. Abin da ke faruwa shi ne zafi na karya gadojin nan masu rauni, gutsattsarin ragar su tashi a matsayin kwalta da iska kafin su samu damar ƙonewa. Wasu daga cikin molekil ɗin wannan hayaƙi, masu zobba da yawa a manne, an tabbatar suna haddasa cutar daji. Ƙibiritun da ke ciki kuma yana fita da iska mai shaƙe maƙoshi.

Maganin shi ne a riga murhu. Ana dafa gawayin a rufaffen tanda inda iska ba ta shiga, a zafin ɗaruruwan digiri, har mafi yawan abin da ke tashi ya fice, a bar ƙwarangwal ɗin karbon da ke ci a hankali ba hayaƙi mai yawa. Aikin da mai toya gawayin itace ke yi ke nan idan ya rufe itacensa da ƙasa. Domin wannan ne aka kafa kamfanin SNCC a cikin shekarun 2000, da nufin gasa gawayin Anu Araren a sayar wa magidanta, ko a rage saran itatuwa a ƙasar da mafi yawan gidaje da ice suke girki. Ingancin abin da zai fito ya dogara ga zafin tanda da tsawon lokaci. Idan zafin ya gaza, hayaƙi na nan. Idan ya zarce, gawayin zai yi wuyar kamawa, mai girki ta yi ta fifita har ta gaji ta koma ga ice.

Akwai hatsarin da gasawa ba ta kawarwa. Idan karbon ya ƙone a wurin da iska ta wadata, kowace ƙwaya tana ɗaukar oksijin biyu. Idan iska ta yi ƙaranci, ɗaya take ɗauka, sai a samu wata guba marar launi marar wari. Jinin mutum yana kama wannan guba da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Shi ya sa shigar da garwashi cikin rufaffen ɗaki a daren hunturu ke kashe mutane suna barci, ko na itace ne ko na ƙasa. A bar ƙofa ko taga a buɗe, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta.

Ko da ƙonuwar ta cika, da sauran magana. Kilo ɗaya na karbon zalla yana haifar da sama da kilo uku da rabi na iskar da ke ɗumama duniya, domin nauyin oksijin da ya ɗauko daga sarari ya ƙaru a kansa. Wannan ne ya sa bankunan duniya da dama suka janye daga ba da rancen gina sababbin tashoshin gawayi.

Inda gawayi da uraniyum suka haɗu

Mutanen Arlit sun san gawayi ne ke bai wa ma'adinin uraniyum wuta. Dangantakar ta girmi haka nesa ba kusa ba. Uraniyum yana da hali biyu. Idan yana cikin ruwa mai oksijin, narkewa yake yi ya bi ruwan duk inda ya nufa. Idan ya samu abin da zai ba shi elektoron biyu, sai ya daskare ya tsaya. Ruwan da ya wanko uraniyum daga duwatsun Ayar ya ratsa cikin yashin tsofaffin kogunan Tim Mersoi, kuma a cikin wannan yashi akwai ɓurɓushin tsirrai na zamanin Karbonifer. Waɗannan ragowar tsirrai, tare da wasu ma'adinai masu ƙibiritu, su ne suka ba da elektoron ɗin. Uraniyum ya yi ta taruwa a kansu tsawon miliyoyin shekaru har ya kai yawan da za a haƙa. Duwatsun da aka haƙa a Arlit da Akokan na wannan zamani ne.

Wajen tacewa ma molekil na karbon ake nema. Bayan an niƙa dutse an jiƙa shi da ruwan asid na ƙibiritu, uraniyum na fitowa gauraye da ƙarfe da sauran datti. Sai a kaɗa ruwan da wani mai irin kananzir wanda aka narka wasu molekil masu dogayen jelar karbon a ciki. Kan molekil ɗin ya cafke uraniyum, jelar ta ja shi zuwa cikin man, dattin ya saura a ruwa. Daga nan ake samo garin nan mai ruwan ɗorawa da ake zubawa a durom.

Daga kwalta zuwa leda

Kwaltar da ke tashi daga gawayi, wadda a murhu cuta ce, ita ce ta haifi masana'antar sinadarai ta Turai. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar gawayi, sai ya samu rini mai launin shunayya. Rinin kanti ya samo asali daga nan, shi ne daga baya ya zo ya yi gogayya da baba a marinar ƙasar Hausa. A 1907 Leo Baekeland, ɗan Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa robar farko da hannun mutum ya ƙirƙira gaba ɗaya, ita ma da sinadarin da ake samu daga kwalta.

Ledar da ke rataye a ƙayoyin bayan gari kuwa polimer ce da aka gano a Ingila a 1933, kuma yau daga man fetur da iskar gas ake yin ta. Doguwar sarƙa ce ta karbon, kowace ƙwaya riƙe da haidirojin biyu, babu oksijin ko ɗaya a jikinta. Ƙananan halittun da ke cin kara da takarda ta wajen oksijin suke samun bakin kamawa. A jikin leda babu wannan ƙofa. Shi ya sa take daɗewa a ƙasa, ta toshe magudanar ruwa, ta dunƙule a tumbin akuya. Nijar ta kafa doka a watan Nuwamban 2014 da ta hana shigowa da sayar da leda marar kauri, sai dai duk wanda ya shiga kasuwa ya san inda aiki da dokar ya tsaya.

Abin da ke gaba

A wasu ƙasashe ana mayar da gawayi wani abu mai ƙananan ramuka da ake tace ruwan sha da shi. Giram ɗaya na mai kyau yana iya ƙunsar faɗin da ya kai murabba'in mita dubu. Ana kuma zuba tokar tashoshi cikin siminti da bulo. Ko waɗannan za su yi riba da gawayin Anu Araren, yawan tokarsa ne babban ƙalubale, kuma awo da gwaji ne kawai za su raba gardama. Haka zancen yake ga gawayin Salkadamna na jihar Tawa, inda aka daɗe ana shirin gina wata tashar. Ba a ɗauko ma'aunin tanda na gawayin Sin ko na Afirka ta Kudu a ɗora masa, tun da ragar kowane dabam take.

Nijar tana da wuraren da za a iya yin wannan aiki: sashen ilimin sinadarai na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, makarantar EMIG ta ma'adinai, makarantar EMAIR da ke Agadas, da jami'ar Agadas da aka kafa a 2014. Ɓangaren lissafi na binciken ba ya cin kuɗi kamar gina masana'anta. Kwamfutoci masu ƙarfi yake so, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗalibai da aka horar, da kuma samfurin dutsen da kamfanin zai ba su tare da sakamakon awon da yake yi kullum.

Ga ma'aikatan SONICHAR da iyalansu a Cirozerin, da masu shaguna da injinan niƙa a Arlit da Akokan, batun na abinci ne. Idan ramin ya ci gaba da dogara ga mai saye guda, makomarsa na hannun kasuwar uraniyum. Idan an san dutsen ciki da waje, ana iya ƙara masa hanyoyin shiga kasuwa, daga murhun girki zuwa tulun tace ruwa.